Likitan soja a barikin bakin iyaka: Beaumont da mutumin da tumbinsa ya ƙi rufewa

Ɗalibar Likitanci ta rubuta:

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Ina aji biyu a makarantar koyon aikin likita, wannan zangon muna kan darasin narkewar abinci. Malaminmu ya ambaci wani likitan sojan Amurka mai suna William Beaumont, ya ce wajen shekara 200 da suka wuce shi ne ya leƙa cikin tumbin mutum mai rai ya ga yadda abinci yake narkewa, kuma wai ba a jami'a ya yi wannan aiki ba, a wani ɗan ƙaramin bariki ne can bakin iyaka. Jimla biyu ya yi a kai ya wuce, don manhajar da yawa.

Ni kuwa abin ya tsaya mini a rai. Mahaifina soja ne, a bariki na tashi, na san layin da ake yi da sassafe a ƙofar asibitin bariki. Shi ya sa nake son sanin yadda likitan soja yake rayuwa a irin wancan wuri a wancan zamani. Me yake yi daga safe zuwa dare? Da me yake aiki, tunda babu maganin sa barci kuma babu na kashe ƙwayoyin cuta? Sannan shi bawan Allahn da aka yi ta gwaji a cikinsa, da yardarsa aka yi? Don Allah wanda ya sani ya taimaka mini.

Dakta Baba ya amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya yi albarka, ya ba da sa'ar karatu. Na daɗe ina koyar da wannan darasi kafin in ajiye aiki, kuma labarin nan ya fi ƙarfin jimla biyu, don haka gyara zama.

An haifi Beaumont a 1785 a jihar Connecticut. Bai taɓa zama a ajin makarantar likitanci ba. Almajiranci ya yi a hannun wani likita a garin St. Albans na jihar Vermont, yana haɗa magani yana bin maigidansa zagayen marasa lafiya, har aka ba shi lasisi. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Amurka da Birtaniya a 1812 sai ya shiga soja a matsayin mataimakin likitan fiɗa. A watan Afrilun 1813, ranar da Amurkawa suka ci garin York, wato Toronto ta yau, rumbun albarushin Turawan Ingila ya tarwatse a kansu, ya kashe gommai, ya raunata fiye da 200. Beaumont ya rubuta cewa sa'a 48 ya yi yana yanka, yana datse hannuwa da ƙafafu, ba ci ba barci. Ki tuna sai a 1846 aka fara nuna tiyata da maganin sa barci a birnin Boston. Kafin nan ƙarti ne suke danne mutum, a ɗura masa barasa ko ruwan ofiyam, gwanintar likita kuma ita ce saurin wuƙarsa da zartonsa. A nan ya koyi aikin.

A 1820 aka tura shi barikin tsibirin Mackinac, a mashigar ruwan da ta haɗa tafkin Huron da tafkin Michigan. Shi kaɗai ne likita a tsibirin, kuma in sanyi ya shigo ruwa ya daskare, jirgi ba ya zuwa sai bazara. Da rani kuwa wurin cika yake maƙil da masu fataucin fatun dabbobi, da 'yan asalin ƙasar, da matuƙan kwale-kwale 'yan Kanada masu jin Faransanci waɗanda kamfanin fatu na John Jacob Astor yake ɗauka aiki. Ɗaya daga cikin matuƙan nan shi ne Alexis St. Martin, saurayi ɗan kimanin shekara 20, bai iya karatu ba bai iya rubutu ba.

Ranar 6 ga Yuni 1822, a cikin kantin kamfanin, wata bindiga da aka ɗura da ƙananan dalmar harbin agwagwa ta tashi bisa kuskure, tazararta da Alexis ba ta kai mita ɗaya ba. Ta same shi a ƙasan nonon hagu. Da Beaumont ya iso ya tarar da rami mai faɗin tafin hannu, haƙarƙari sun karye, wani yanki na huhu mai girman ƙwan talotalo ya leƙo waje, ƙasa da shi kuma ga tumbi ya huje, abincin karin kumallo yana zuba. Da 'yar wuƙar aljihu ya datse tsinin ƙashin da ya maƙale huhun, ya mayar da shi ciki, ya wanke, ya ɗaure. Bai sa masa rai zai wuce kwana ɗaya da rabi ba. Da zazzaɓi ya taso sai ya tsaga masa jijiya ya zubar da jini, don ilimin lokacin ke nan. Kwana 17 duk abin da Alexis ya haɗiya ta raunin yake fitowa, ta dubura ake ba shi abinci.

Da yake da sauran kwana, ya rayu. Sai dai bakin tumbin ya manne da bakin raunin, suka warke tare, aka sami hanyar da ba ta rufewa daga fata har cikin tumbi, dangin irin wadda take jawo wa mata yoyon fitsari. Daga baya wani tantani ya tsiro ta ciki ya zama marfi, in an danna shi da yatsa sai ya buɗe. Bayan wajen wata goma hukumar garin ta ce ta gaji da ciyar da shi, za a sa shi a kwale-kwale a mayar da shi garinsu a Kanada, tafiya mai nisan gaske. Beaumont ya ga ba zai kai da rai ba, ya ɗauke shi zuwa gidansa a 1823, yana wanke masa ciwon kullum da kuɗin aljihunsa. Da ya ji ƙarfi sai ya zama yaron gidan, yana faskare, yana aike. Ki riƙe wannan, domin za ki buƙace shi wajen amsa tambayarki ta ƙarshe.

A wancan lokaci masana suna ta gardama kan aikin tumbi. Wasu sun ce niƙa yake yi, wasu sun ce abinci ruɓewa yake a ciki, wasu sun ce tsami yake yi, wasu kuma sun ce wani ruwa ne yake narkar da shi. Ranar 1 ga Agusta 1825 da tsakar rana Beaumont ya ɗaura 'yan guntayen abinci a zaren siliki, dafaffen naman shanu, ɗanyen nama mai gishiri, kitse, busasshen burodi da ɗanyen kabeji, ya zura su ta ƙofar nan. Kowace sa'a sai ya jawo zaren ya duba. Bayan sa'a ɗaya burodi da kabeji sun narke rabi, bayan biyu sun ɓace tare da dafaffen naman, ɗanyen naman kuwa yana nan. Kafin yamma ciwon ciki da tashin zuciya suka kama Alexis, dole aka dakata.

Gwajin da ya fi burge ni shi ne wanda ya biyo baya. Ya zura ma'aunin zafi ya ga cikin tumbi yana wajen digiri 38. Ya sa siririn bututun roba ya zuƙo ruwan tumbin a kwalba, ya jefa nama a ciki, ya riƙe kwalbar a kan wannan zafi. Naman ya narke a kwalba cikin wajen sa'a 10, irinsa kuma a cikin tumbi sa'a 2. Da ya bar ruwan ya huce, sai aikin ya kusan tsayawa. Ke nan narkewa aikin sinadari ne, zafi da motsin tumbi suna hanzarta shi. Wani lokaci a hammatar Alexis ake ajiye kwalbar na sa'o'i don ta riƙe ɗumi, domin kayan aikinsa ke nan: kwalba, zare, agogo, ma'aunin zafi. Ya ga kuma da idonsa cewa tumbi ba ya tara ruwan nan ya ajiye, sai abinci ya taɓa bangonsa yake tsattsafo shi. Ya ga in Alexis ya fusata narkewa tana jinkiri, in ya kwana yana shan barasa bangon tumbin yakan yi ja da ƙuraje. Ya aika ruwan ga Robley Dunglison na Jami'ar Virginia, aka tabbatar akwai asid ɗin haidrokulorik a ciki, abin da William Prout ya riga ya gano a Ingila. Beaumont ya yi zargin akwai wani abu kuma ban da asid, sai a 1836 Theodor Schwann ya ware shi a Jamus, shi ne pepsin ɗin da kuke haddacewa yanzu.

Aikin bai tafi a jere ba. A 1825 aka tura Beaumont barikin Niagara, kusa da Kanada, Alexis ya sulale ya koma gida, ya yi aure. Shekara huɗu Beaumont yana cigiya ta hannun wakilan kamfanin fatu, a tsakani an kai shi barikin Howard, an kai shi barikin Crawford a bakin kogin Mississippi, wurin da ambaliya da zazzaɓin cizon sauro suke kwantar da sojoji kowace shekara. A can Alexis ya same shi a 1829 da matarsa da 'ya'ya biyu. A 1833 Beaumont ya buga littafinsa a garin Plattsburgh, gwaji 238. Abin da nake so ɗalibai su gani shi ne mutumin nan ba shi da ɗakin gwaji, ba shi da abokin shawara kusa, amma bai rubuta abin da bai gani ba, kuma duk abin da ya gani ya sa masa rana da sa'a.

Malamin Tarihi ya amsa:

Allah ya ƙara lafiya Dakta, mun ƙaru. Ƙanwata, bari in ɗauki tambayarki ta farko, don kada ki ɗauka kowane likitan bariki Beaumont ne. Yawancinsu sun ƙare aikinsu ba wanda ya ji sunansu.

Da asuba bayan an busa begilar tashi, sai a busa ta marasa lafiya. Sajan kowane rukuni ya jero masu ƙorafi zuwa asibiti, likita ya duba, ya raba su uku: na kwanciya a asibiti, na hutu a ɗaki, da na komawa aiki. Asibitin kansa sau da yawa ɗakin katako ne ko na tubalin laka mai 'yan gadaje. Mataimakinsa shi ne mai kula da asibiti, wanda yake haɗa magani, yake cire haƙori, yake riƙe littattafai. Masu jinya kuwa sojoji ne da ake aro daga rukunoni, kuma kwamanda ba ya ba da nagarinsa. Sai a 1887 aka kafa rundunar ma'aikatan asibiti ta dindindin. Bayan layin safe sai zagaye: rijiya, masai, ɗakin girki, gidan burodi, gidan kaso. Shi ne ungozoman matan hafsoshi da na masu wanki, shi ne likitan fatake da manoman da ke kewaye, in kuma runduna ta fita sintiri ya hau doki ya bi ta da akwatin magani a bayan alfadari.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne cuta ta fi kibiya da harsashi kashe sojojin nan nesa ba kusa ba. Atini, zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, tunjere da ciwon sanyi, sai barasa. A sanyin 1819 zuwa 1820, a wani sansani kusa da Council Bluffs a bakin kogin Missouri, sojoji fiye da 100 suka mutu da ciwon rashin ɗanyen ganye, wanda dasashi yake kumbura haƙora su zube, saboda wata da watanni ba abin da suke ci sai nama mai gishiri da gari. Albasar daji da ta tsiro da bazara ce ta ceci sauran. Shi ya sa za ki ga likitocin nan sun damu da lambun bariki kamar yadda suka damu da wuƙar fiɗa. A 1867 kwalara ta shiga barikin Harker a Kansas, cikin waɗanda ta kashe har da matar likitan barikin, George Sternberg, wanda daga baya ya zama shugaban likitocin sojan ƙasar a 1893.

Raunin kibiya kuwa ilimi ne mai zaman kansa. Wani likita, Joseph Bill, ya yi rubutu a kai a 1862, ya ce kada a kuskura a fizgi sandar, domin da jijiyar dabba ake ɗaure kan kibiyar, in ta jiƙa da jini sai ta saki, sandar ta fito, ƙarfen ya zauna a ciki. Sai dai a faɗaɗa raunin, a bi sandar da yatsa har a taɓa kan, a zarga masa waya a fitar da su tare. In a ciki ta shiga, da wuya mutum ya tashi. Su ma likitocin ba su tsira ba: cikin uku da suka bi rundunar hafsan Amurka George Custer zuwa yaƙin Little Bighorn da 'yan asalin ƙasar a 1876, biyu a can suka mutu, Henry Porter kaɗai ya rage da tarin masu rauni a kan tudu.

Sannan akwai zaman kaɗaici, wanda shi ne ya haifi irin su Beaumont. Joseph Lovell, wanda ya zama shugaban likitocin soja a 1818, ya wajabta wa kowane likitan bariki ya riƙa rubuta zafin gari sau uku a rana, da iska, da ruwan sama, don a gano dangantakar yanayi da cuta. Waɗannan littattafai suna cikin tsofaffin bayanan yanayi da Amurka take da su. Mai ilimi ne an ajiye shi a daji da takarda da alƙalami, don haka wani ya koma nazarin tsuntsaye, kamar Elliott Coues a barikin Whipple na Arizona, wani kuma harsuna da al'adu, kamar Washington Matthews a cikin ƙabilun Hidatsa da Navajo.

Ba zan rufe ba sai na faɗi mummunan ɓangaren. Barikokin nan an gina su ne don ƙwace ƙasar mutane. A 1868 ofishin shugaban likitocin soja ya aika wa likitocin bariki takarda su tattaro ƙoƙunan kan 'yan asalin ƙasar a kai gidan adana kayan tarihin likitancin soja a Washington, wai don auna bambancin jinsi. An kwaso daga filayen daga, an tone kaburbura da dare. Sai a 1989 da 1990 majalisar ƙasar ta yi dokokin mayar wa ƙabilu ƙasusuwan kakanninsu. Hannun da ya yi wa yaran ƙabilun nan lambar agana, sau da yawa irinsa ne ya yi wannan.

Sista Mai Ritaya ta amsa:

Dakta, ranka ya daɗe, ka ba da labarin likita da kyau, amma yarinyar nan ta yi tambaya a kan majinyaci, kuma ni a gefen gadon majinyaci na ƙare aikina. 'Yata, ga abin da ya samu Alexis.

A 1832 an rubuta yarjejeniya, Alexis ya dangwala alama a madadin sa hannu tunda bai iya rubutu ba. Dala 150 a shekara da ci da wurin kwana, shi kuma ya bi likita duk inda za shi, ya miƙa cikinsa ga kowane gwaji, ya kuma yi masa hidimar gida. Wasu suna kiran wannan takarda farkon neman yardar majinyaci. Ni ban gan ta haka ba, takardar ɗaukar bara ce. A ƙarshen shekarar ma sai aka sa shi a soja aka ba shi igiyar saja, don gwamnati ta ɗauki nauyin albashinsa. Ke da kika tashi a bariki kin san ma'anar wannan: in ya tafi ba izini ya zama gudajjen soja.

Ki duba kuma abin da gwajin yake nufi a jikinsa. A hana shi abinci tun dare, a kwantar da shi ta gefe sa'o'i, a zura masa bututu har jiri ya kama shi idonsa ya yi duhu, kuma likitan da kansa ya rubuta haka. Abokan aikinsa suna yi masa ba'a da ramin cikinsa. An ce mashayi ne, an ce ba shi da godiya. To wa ya tambaye shi abin da yake sa shi sha? Matarsa da 'ya'yansa suna can wata ƙasa. A 1834 ya tafi ganin gida bai sake dawowa ba, Beaumont kuma ya yi kusan shekara 20 yana aika masa wasiƙu da tayin kuɗi. Alexis yakan ce zai zo in da iyalinsa, likita kuma ba ya son ɗawainiyar iyali.

Beaumont ya mutu a 1853 a St. Louis, bayan santsin ƙanƙara ya kayar da shi a matakala. Alexis ya ƙara shekara 27 a bayansa, da ramin nan a cikinsa, ya haifi 'ya'ya 17, yana noma da saran itace cikin talauci. Da ya mutu a watan Yunin 1880 a lardin Quebec, wani shahararren likita mai suna William Osler ya nemi a ba shi tumbin a kai gidan tarihi. Iyalinsa suka bar gawar kwana huɗu cikin zafi har ta lalace, sannan suka haƙa kabari mai zurfin fiye da mita biyu, ba su sa masa alama ba. Sai a 1962 masana ilimin aikin jiki na Kanada suka kafa allon tunawa da shi a wajen cocin garin. Mutanen da suka yi wa mahaifinsu haka don kada likita ya taɓa shi, ai sun ba ki amsar tambayarki.

Tsohon Saja ya amsa:

Gaisuwa ga manya. Ni ba mai dogon karatu ba ne, ma'aikacin jinya ne na soja, kuma na zauna a wani ƙaramin sansani a bakin iyakarmu ta arewa maso gabas. Abin da Malam ya faɗa game da layin safe har gobe haka yake. 'Yata, tambayi babanki zai gaya miki.

Wahalar aikin ba jini ba ce, jini kana sabawa da shi. Wahalar ita ce kai na mutum biyu ne. Oga yana son mutanensa a bakin aiki, don in an rasa mutum uku a wurin gadi wasu ukun ne za su kwana biyu ba barci. Yaron da ke gabanka kuma yana cewa kansa yana sarawa, jikinsa ba ƙarfi. Ba ka da na'urar gwaji, likita mai digiri yana can hedikwata, sai ta rediyo in ta kama. Kai za ka ce ciwo ne ko lambo ne. In ka ba da takardar hutu da yawa a ce ka lalata sansani, in ka hana kuma wataran wanda ka mayar bakin aiki zazzaɓi ne ya hau masa kai. Sojan da ke gabanka ba shi da ikon ya ce bai yarda ba ya tafi wani asibiti, babu wani asibitin. Kuma mu ma gudawa da zazzaɓi sun fi kwantar mana da mutane a kan harbi. Rabin aikina faɗa ne a kan inda za a haƙa masai da tafasa ruwan sha. Mutanen ƙauyen ma wurinmu suke zuwa, mai naƙuda, wanda maciji ya sara, yaro mai ƙyanda, kuma ba ka iya kora.

Saboda haka maganar Hajiya Sista ta shige ni. Wanda yake ci a hannunka, yake kwana a gidanka, in ya ce maka to, sai ka sake tambayarsa.

Dakta Baba ya sake amsawa:

Hajiya Sista, duk abin da kika faɗa haka yake, ban da ja a kan ko ɗaya. Inda na tsaya kawai shi ne shekara ukun farko. Daga 1822 zuwa 1825 babu gwajin narkewa ko ɗaya, jinya ce zalla, kuma lokacin da gari ya ce a jefa yaron nan a kwale-kwale, likitan da albashinsa bai taka kara ya karya ba ne ya ce a kawo shi gidansa. Ya yi ƙoƙarin rufe ramin da matsi da ɗauri, ya ce kuma ya nemi ya ɗinke Alexis ya ƙi, ko da yake bakin likita kaɗai muka ji a wannan. Ni a ganina da tausayi ya fara, daga baya son suna ya shigo ya zauna, har ya daina ganin mutum sai tumbi. Na ga irin haka a wasu abokan aiki masu kirki, shi ya sa labarin yake ba ni tsoro.

Saja, abin da ka kawo ya faru da Beaumont kansa. A barikin Niagara wani laftana ya ce ba shi da lafiya, Beaumont ya zarge shi da lambo, ya ba shi maganin amai mai ƙarfi don ya tona shi, ya kuma ba da shaida a kotun soja har aka same shi da laifi. Da maganar ta kai ga Shugaban Amurka John Quincy Adams sai ya soke hukuncin, ya soki likitan a kan mayar da magani abin gwada mutum. Taurin kan nan bai bar shi ba. A 1839 sabon shugaban likitoci, Thomas Lawson, ya ce a tura shi Florida inda ake yaƙi da ƙabilar Seminole, shi kuma ya gwammace ya ajiye kaki.

'Yata, in kina son ki ga inda maganar yarda ta dosa bayan nan, bi sawun wani likitan bakin iyakar, Walter Reed. Ya shiga soja a 1875, ya yi shekaru a barikoki irin su Apache a Arizona da Robinson a Nebraska, yana karɓar haihuwa yana ɗora karaya. A 1900 aka tura shi Kuba kan zazzaɓin shawara, ya gwada maganar da likitan ƙasar, Carlos Finlay, yake faɗa tun 1881 cewa sauro ne yake yaɗa ta. Abokin aikinsa Jesse Lazear ya kamu ya mutu a watan Satumba na shekarar. Bayan haka Reed ya sa aka rubuta takarda da Turanci da Sifaniyanci, tana faɗa wa duk mai son shiga gwajin ƙarara cewa ransa yana cikin haɗari, da dala 100 ga wanda ya shiga, da ƙarin 100 in ya kamu. Wannan ta fi ta Alexis nesa, don an faɗi haɗarin kuma mutum yana iya ƙi. Amma Sista za ta tambaya, kuma da gaskiyarta, me dala 200 take nufi ga baƙon da ya sauka daga jirgi ba ko sisi, wanda ya san ko bai shiga ba cutar tana jiransa a gari.

Cikin waɗanda suka shiga gwajin sansanin Reed ba wanda ya mutu. A shekarar da ta biyo, wasu likitocin suka ci gaba da sa sauro ya ciji mutane a Havana don neman rigakafi, mutum uku suka mutu. Ɗaya daga cikinsu ma'aikaciyar jinya ce irinki, Hajiya, sunanta Clara Maass, shekararta 25, ta rasu a watan Agustan 1901. Bayan mutuwarta aka dakatar da gwajin a kan mutane.